Daga Zaure zuwa Tukur-Tukur: Me Bazazzagi Zai Karanta?

Sharhinmu na yau a kan karatun da mutum ke yi don kansa ne, wanda babu jarrabawa a bayansa, babu kuma malamin da zai tuhume shi in ya bari: labarin tafiye-tafiye, da tarihi, da littafin kula da lafiyar jiki da kwanciyar rai, da ƙagaggen labari. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne, mutumin birnin Zazzau ba ya bukatar ya jira wani daga nesa ya zayyana masa abin da zai karanta. A bakin ƙofarsa aka raini littafin Hausa na boko, kuma da yawa daga cikin littattafan nan maganarsa suke yi. In ya bar su, gadonsa ya bari.

Duk wanda ya ratsa Unguwar Juma ko Kona bayan sallar asuba ya san garin nan ba baƙon littafi ba ne. Malam na zaune a kan buzu, ɗalibai sun kewaye shi kowa da gafakarsa, wannan ya buɗe Ahalari, wancan Risala, na can gefe ya kai Muhtasar. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara kalma bayan kalma. Takardun sun yi ja don tsufa, gefensu cike da ƙananan rubutun da wani kaka ya yi da alƙalamin kara. Wannan shi ne tushe, kuma babu mai hankalin da zai raina shi. To amma a waje kaɗan da ganuwa wani reshen ya tsiro. A farkon shekarun 1930 Hukumar Fassara ta zauna a Zariya, a 1933 ta koma Hukumar Talifi ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar da ta haifi Ruwan Bagaja, da Gandoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, sai kuma Jiki Magayi wanda John Tafida, ɗan ƙasar Zazzau, ya rubuta tare da East. A nan Zariya Abubakar Imam ya zauna a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, hukumar NORLA ta biyo baya a shekarun yaƙi da jahilci har da jaridar lardi mai suna Bazazzaga, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Mai tafiya a ƙafa daga ƙofar fada zai isa inda aka yi duk wannan aiki rana ba ta yi zafi ba.

Mu fara da tarihi, don a nan ne asarar ta fi yawa. Kowane yaro a birni ya san sunan Sarauniya Amina, amma kaɗan ne suka san cewa majiyoyin ba su haɗu a kan zamaninta ba. Tarihin Kano, wanda fassararsa ke cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ajiye ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato farkon ƙarni na 15, ya kuma ambaci goro da babanni da Sarkin Nupe ya aiko mata. Ruwayar da ta fi yawo a bakin mutane kuwa ta ce 'yar Bakwa Turunku ce, wanda hakan ya kai ta ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, ya yi maganar yaƙe-yaƙenta da rasuwarta a Atagara. Wanda ya ajiye waɗannan ruwayoyi gefe da gefe ya koyi abin da ya fi sunan sarauniya amfani: ya koyi tambayar wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me ya sa ya faɗa. A zamanin da saƙo ke shigowa waya ba uwa ba uba, a kuma tura shi gaba kafin a gama karantawa, wannan tarbiyya ce da gari ke bukata. Haka nan wanda ya karanta littafin M. G. Smith na 1960 a kan mulkin Zazzau daga 1800 zuwa 1950 zai gane yadda sarauta ta riƙa zagayawa tsakanin Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, ya fahimci abin da ya sa naɗin Sarki Ahmed Nuhu Bamalli a 2020, bayan kimanin shekara 100 gidan Mallawa bai hau ba, ya zama babban labari. Da wani sashe na Masallacin Juma'a ya rufta a watan Agustan 2023, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu, mutane da yawa sai a lokacin suka fara tambayar wane ne Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu. Amsar tana rubuce tun da daɗewa, masu buɗe ta ne suka yi ƙaranci.

Akwai kuma tarihin da ba na sarakuna ba, kuma ni a ganina ya fi ratsa zuciya. Tsakanin 1949 da 1950, a Giwa da nan Zariya, wata tsohuwa mai suna Baba ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954. Ta yi maganar harin masu kama bayi, da aure da zaman kishi, da ƙawance, da riƙon 'ya'yan dangi ga macen da Allah bai ba haihuwa ba. Matar aure a Kusfa ko Kwarbai da za a karanta mata wannan littafi, muryar kakarta za ta ji.

Littafin tafiya kuwa aikinsa ya fitar da mutum daga ganuwa ya dawo da shi da sabon ido. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Abubakar Imam ya tafi Ingila cikin ayarin editocin jaridun Afirka ta Yamma, har da Nnamdi Azikiwe, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya bi sahu da Motsi Ya Fi Zama. Tun kafin su, Dorugu, yaron da ya bi wani Bature matafiyi mai suna Barth har Landan a 1855, ya ba da labarin abin da ya gani da Hausarsa. Darajar waɗannan littattafai ita ce Bahaushe ne ke kallon Turai yana aunawa da mudun gidansu, alhali mun saba da Bature ya zo ya kalle mu ya rubuta.

Sashen da ya fi rama a Hausa shi ne na kula da kai, kuma dole a faɗi gaskiya. Magabata ba su yi sakaci ba: Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insani a kan abin da ke gyara addini da jiki, Muhammadu Bello ya yi risaloli a kan magani, kuma Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin nan na ƙasar Zazzau, sun daɗe suna sanyaya zukatan masu baƙin ciki. Amma littafi cikin sauƙaƙƙiyar Hausa, wanda likita ya rubuta a kan hawan jini ko ciwon suga ko damuwar da ke hana barci, yana da wuyar samu, ga kuwa ƙananan takardun magani da ba a san marubutansu ba sun cika tasha da kasuwa. Garin da ke da asibitin koyarwa a Shika bai kamata ya rasa masu cike wannan giɓi ba. Littafi ba zai maye gurbin zuwa asibitin Ƙofar Gayan ba, sai dai yakan sa mutum ya je da wuri.

To, na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko zai ce ƙagaggen labari ƙarya ce, ɗalibin ilimi ba shi da lokacinta. Amsar tana cikin zauren da kansa. Muƙamar Hariri, wadda manyan ɗalibai ke karanta don ƙwarewa a lugga, labarin Abu Zaidi ne, mai wayon da ba a taɓa haifa ba, kuma masana sun daɗe da nuna inuwarta a cikin Ruwan Bagaja. Marubutan nan ma 'ya'yan malamai ne: Imam mai Ruwan Bagaja da wansa Bello Kagara mai Gandoki a gidan alƙali suka tashi. Ƙarya ita ce a faɗi abin da bai faru ba don a yaudari mai ji. Wanda ya buɗe Shaihu Umar ya san ƙirƙira ce, amma in ya bi uwar nan da ta ratsa hamada tana neman ɗanta da aka sace, zai san ɗacin bauta fiye da yadda jerin shekaru zai sanar da shi. Wanda ya gama Jiki Magayi kuma ya ga yadda ramuwa ke cin mai ita tare da wanda aka nufa, ba tare da an ɗaga masa murya ba.

Na biyu zai ce ai aikin Turawan mulki ne, su suka sa gasar, su suka tace. Gaskiya ne, kuma suna da manufarsu: littattafan makaranta suke so, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ma sun kafa ta ne har da niyyar kashe jita-jitar da ke yawo gab da yaƙi. Sai dai alƙalamin a hannun wa yake? Gandoki jarumi ne da ya buɗe labarinsa da yaƙar Turawan nan, aka kuma buga shi a ƙarƙashin mulkinsu. A Magana Jari Ce, Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Jamus, ya sa su a bakin aku a fadar Sarki Abdurrahman, suka fito da rawani da babbar riga har ba a gane baƙi ne. A karanta su da ido buɗe, a san inda hannun East ya taɓa. Wannan ma wani darasin tarihi ne.

Na uku, wanda ya fi nauyi, zai ce ana fama da abin sawa a baki, ga waya ta cinye lokacin yara, wa zai sayi littafi? Ban musa tsadar takarda ba. Amma ƙishirwar tana nan: dubi yadda 'yan mata ke bin labarai shafi-shafi a WhatsApp, da yadda ake kasa kunne in ana karanta littafi a rediyo, da yadda In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu suka riƙa yawo hannu zuwa hannu har bangonsu ya yage. Littafin Hausa dama bai taɓa zama na mutum ɗaya ba. A da, mai karatu guda ne ke riƙe da Gaskiya Ta Fi Kwabo a dandali, sauran na saurare. Kwafi ɗaya ya ishi gida mai mutum ashirin in aka sa yarinya 'yar sakandare ta karanta wa iyayenta mata shafi biyar bayan sallar isha'i, kuma ita ma karatunta zai miƙe.

Saura aikin masu hali. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke Samaru tun 1962, tana da masanan da za su iya mayar da littafin M. G. Smith cikin Hausar da mai sayar da goro zai fahimta, don Turancinsa mai tsauri ne ko ga ɗan boko. Masarauta na iya ɗaukar nauyin sake buga labarin Baba da waƙoƙin Sarki Aliyu Ɗansidi a farashin da talaka zai iya. Makarantun Islamiyya na matan aure na iya ajiye akwati guda na littattafan aro. Masu shimfiɗa tabarmar littattafai a bakin masallaci ranar Juma'a kuma, waɗanda ke jera Ƙawa'idi da Iziyya da Ishiriniya, 'yan kasuwa ne masu lura da abin da ake nema. In mutum uku suka tambaye su Shaihu Umar a mako ɗaya, mako na gaba za a gan shi a kan tabarmar.