Sammaci Ba Lasisin Tuƙi Ba Ne

Kwanakin baya, a wani shingen bincike tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, jami'in da ke bakin aiki ya tsayar da motar hayar da muke ciki, sannan ya tsayar da wani dattijo a kan babur. Ba hular kwano a kansa, lambar babur ɗin kuma ta kankare. Maimakon takardun babur, sai ya zuge jaka ya nuno wata takarda mai hatimi, ya ce, "Yallaɓai, masinjan kotu ne, sammaci zan kai." Nan take aka ɗaga masa hannu ya wuce. Direbanmu, wanda ya daɗe yana lallashi saboda fasasshen madubi, ya ja tsaki ya ce ashe takardun ma suna suka tara.

Shin doka ce ta ba dattijon wannan alfarma? A'a. Dokar da ta tsara aikin masu isar da takardun kotu, wato Sheriffs and Civil Process Act, ta ɗora wa 'yan sanda nauyin taimakawa wajen zartar da umarnin kotu. Abin nufi shi ne su raka ma'aikacin kotu idan za a ƙwace kadara, su kare shi idan wanda ake ƙara ya fito da gora. Ba ta yafe masa lasisi ko inshora ba. Kariya daga gurfana a kotu, wadda sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ya tanada, ta tsaya ne ga shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu.

Sassaucin dai al'ada ce, kuma tushenta sananne ne. A zamanin En'e, dogari ne ke kai kiran alƙali, wanda kuwa ya tare shi tamkar ya tare sarki ne. Yau kuma masinja da ɗan sanda kusan kullum suna haɗuwa a harabar kotun majistare. Ana sanin juna, ana cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Amma alfarmar da ta rataya ga fuskar wanda ka tarar ba abin dogaro ba ce. Gobe baƙon jami'i zai iya kama babur ɗin, kuma yana da gaskiya.

Ina tausaya wa masinjan, domin aikinsa ya fi yadda ake ɗaukarsa nauyi. Shari'ar da ba a sanar da wanda ake ƙara ba, rusasshiya ce tun daga tushe, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a ƙarar Skenconsult da Ukey a 1981. Idan sammacin bai isa wani ƙauye a bayan Argungu ba kafin ranar zama, sai a ɗage shari'a, matar da ke neman kuɗin ciyar da 'ya'yanta ta koma gida hannu rabbana, ga kuɗin mota ta kashe. Sau da yawa ma ita ce ta zuba wa babur ɗin mai.

Duk da haka ban yarda maganin shi ne kau da ido ba. Mutumin da zai miƙa wa manomi takarda yana cewa doka na kiransa, bai kamata a ce shi kansa ya iso ne bisa babur ɗin da doka ba ta san da shi ba. Mutanen karkara suna lura da irin wannan fiye da yadda muke zato, kuma da shi suke auna darajar hatimin.

Abin da ya dace ma'aikatar shari'a ta Jihar Kebbi ta yi ba mai tsada ba ne: babur na hukuma mai cikakkun takardu, hular kwano, katin shaida, da kuɗin mai cikin kasafi, yadda binciken masinja a shinge ba zai wuce minti ɗaya ba, kuma ba zai buƙaci zuge jakar sammaci ba.