Waƙar da ke wayarka ba taka ba ce

Duk wanda ke biyan kuɗin wata-wata ga Spotify, Boomplay ko Apple Music ya kamata ya san abin da kuɗinsa ke saya masa. Izinin sauraro ne kawai, kuma izinin yana ƙarewa ranar da ya kasa biya, ko ranar da kamfanin ya saɓa da masu haƙƙin waƙar, ko ranar da kamfanin ya rufe harkarsa. Hatta waƙoƙin da ya sauke a cikin manhajar don ji ba tare da data ba, a kulle suke: ba zai iya tura wa ƙaninsa ba, ba zai iya kwashe su zuwa wata na'ura yadda ya ga dama ba, kuma in biyan ya tsaya sai su daina buɗuwa. Kaset ɗin da wani ya saya a Ƙofar Wambai shekara talatin da suka wuce kuwa har gobe nasa ne. Yana iya ba da aronsa, yana iya kyautar da shi, in ya mutu a same shi cikin kayan gado. Ra'ayina shi ne, sauraro ta intanet ya yi mana rana wajen sanin sababbin waƙoƙi, amma al'ummar da ta bar masa ajiyar waƙoƙinta gaba ɗaya ta yi sakaci, kuma Hausawa sun fi yawancin al'ummu kusa da wannan asara.

Wannan tsoro yana da tushe, domin abin ya sha faruwa. A watan Maris na 2021 masu son waƙoƙin Koriya ta Kudu suka wayi gari ɗaruruwan waƙoƙi sun ɓace daga Spotify, saboda yarjejeniyarsa da kamfanin Kakao M ta ƙare ba a sabunta ba. A farkon 2022 mawaƙi Neil Young ya janye waƙoƙinsa daga manhajar, bai mayar ba sai 2024. Kusa da gida, a ƙarshen 2024 kamfanin Sony Music ya kwashe waƙoƙinsa daga Boomplay, manhajar da ke zuwa cikin wayoyin Tecno da Infinix da suka cika hannun mutanenmu. Microsoft ya rufe sashen sauraro na Groove a ƙarshen 2017, Google ya rufe Play Music a 2020. Mafi muni shi ne na MySpace, wanda a 2019 ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya rumbun ajiya. Rahotanni sun ƙiyasta su da kusan miliyan 50. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 da ke tilasta wa masu sayar da kayan intanet su faɗa wa mai saye ƙarara cewa izini ya saya, kayan bai zama nasa ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Waƙoƙin Koriya sun dawo cikin 'yan kwanaki, na Neil Young ma sun dawo, domin akwai manyan kamfanoni da lauyoyi da dukiya a bayansu, kuma asalin ɗaukar yana ajiye a wuri mai tsaro. Wa ke tsaye haka a bayan Ibrahim Narambaɗa, ko Musa Ɗanƙwairo, ko Mamman Shata wanda ya rasu a 1999, ko Barmani Choge, ko Ɗan Maraya Jos? Za a ce ai duk suna YouTube. Suna nan, amma a saurare su da kyau. Za a ji ƙugin tsohon kaset a ƙarƙashin kalangu, za a ji inda zaren ya taɓa harɗewa murya ta yi rawa, wani lokaci waƙar ta yanke a tsakiyar baiti saboda a nan gefen kaset ɗin ya ƙare. Wannan shaida ce cewa wani bawan Allah ne ya adana kaset ko faifan garmaho a cikin akwati shekara da shekaru, sannan shi ko ɗansa ya ɗora. Intanet bai adana Shata ba, masu kaset ne suka adana shi. Kuma abin da suka ɗora yana rataye ne da shafin mutum ɗaya: in aka rufe shafin saboda ƙorafin haƙƙin mallaka, ko mai shi ya rasu, ko ya goge, waƙar ta tafi, sai fa in asalin yana hannun wani. Ayyuka irin Diwanin Waƙoƙin Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ba za su yiwu ba da babu muryoyin da aka naɗa aka ajiye, ana juya su ana maimaitawa har a rubuce kowane ɗa na waƙa.

Akwai kuma batun hanya. Sauraro ta intanet an gina shi ne a kan zaton cewa sabis da data da wuta abubuwa ne da ba sa yankewa. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna, har tsawon makonni. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Direban da ke bin hanyar daji da makiyayin da ke nesa da gari sun san dalilin da ya sa memori bai mutu ba. Ta wannan hanyar ce ma duniya ta san Mdou Moctar na Nijar: kundinsa na farko, wanda ya ɗauka a Sakkwato a 2008, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahel kafin wani kamfanin Amurka ya ji shi ya neme shi.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan wannan ra'ayi ita ce ta satar fasaha, kuma ba ta wasa ba ce. Zamanin faifan CD a Arewa ya ƙare ne a hannun masu kwafa, sannan masu turi suka ƙarasa shi: rumfa a bakin tasha, kwamfuta ɗaya, a cika wa mutum memori da waƙoƙi ɗari a kan ɗan abin da bai kai kuɗin abinci ba, mawaƙin kuwa ko kwabo. Manhajojin sauraro aƙalla suna ƙirga kowane ji, suna biya, kuma suna kai muryar mawaƙin Kano ga Bahaushen Kumasi da na Jidda a rana ɗaya. Duk wannan gaskiya ne, kuma ban ga abin karewa a cikin cin gumin mawaƙi ba. Sai dai a duba yadda biyan yake. Manyan manhajoji suna tara kuɗin masu sauraro ne wuri ɗaya, su raba gwargwadon kason da kowa ya samu a jimillar abin da aka ji. Ma'ana, wanda ya biya kuɗin wata ya kwana yana jin mawaƙin garinsu, yawancin kuɗinsa ga taurarin da suka fi kowa masu sauraro zai tafi. Tun 2024 kuma Spotify ya daina biyan komai a kan waƙar da ba a ji ta sau 1,000 a cikin wata goma sha biyu ba. Mai kukuma da ke da masoya ɗari uku na haƙiƙa ba shi da rabo a wannan lissafi, alhali da waɗannan ɗari ukun za su sayi kundinsa kai tsaye daga hannunsa, da ya ga kuɗin da idonsa. Maganin sata shi ne a saya daga mai abu, ba a daina mallaka ba.

Ana kuma cewa kaset yana lalacewa, faifai yana karcewa, zafi da ƙura da gara ba sa barin komai, rikodar ma yanzu sai an tona. Haka ne. Amma ajiyar manyan kamfanoni ma ba ta gagari ƙaddara ba: gobarar da ta tashi a harabar Universal a Amurka a 2008 ta cinye ɗimbin asalin ɗaukar waƙoƙi, ba a ma san girman asarar ba sai da jaridar New York Times ta tono ta a 2019. Abin da ke tsare waƙa shi ne yawan kwafinta a hannun mutane daban-daban, ta yadda in ɗaya ya ƙone ɗari suna nan. Shi ya sa ban taƙaita mallaka ga faifai kaɗai ba. Waƙar da aka saya ta halal aka ajiye a memori ko rumbun kwamfuta, wadda ke buɗuwa ba sai an nemi izinin kowa ba, ita ma mallaka ce. Ko a Amurka, inda sauraro ta intanet ke kawo sama da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin waƙa, faifan garmaho ya dawo har ya fi CD yawan ciniki a 2022, karo na farko tun 1987. Mutanen da ke da intanet mara yankewa ne ke komawa suna sayen abin riƙewa a hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne waƙoƙin yau. Na da sun tsira saboda dole ce ta sa aka buga su a kan wani abu da ake taɓawa. Mawaƙin yanzu kuwa yana fita daga situdiyo, ya ɗora waƙa a Audiomack ko YouTube, asalin ya zauna a kwamfutar mai haɗa kiɗa har ranar da ta lalace ko aka goge don samun wuri. Ya kamata kowane kundi ya fito da kwafi na sayarwa, ko da ɗari biyar ne, ɗauke da sunan wanda ya rubuta, wanda ya yi kiɗa, 'yan amshi, da shekarar ɗauka, bayanan da manhajoji kan bari a rikice ko babu. A kai kwafi ɗakunan karatu na Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni ta Yamai. Gidajen rediyon da ke da tsofaffin faya-fayai, irin Rediyon Tarayya na Kaduna, su juye su zuwa na'urorin zamani, su kuma riƙe na asalin. Iyalan da ke da buhun kaset na mahaifinsu a ɗakin ajiya kuma, kafin su zubar ko su ba yara su warware zaren, su nemi wani malamin sashen Hausa ya duba abin da ke ciki.