Kafin a Sa wa Mama Wuƙa a Wuya, An Yi Mata Hoto Kuwa?

A gidaje da dama daga Kakuri zuwa Makera, Nasarawa da Barnawa, kai ne likitan gida. Ba karatun likita ka yi ba, wayar ce kawai ke hannunka: kai ake miƙa wa takardar asibiti, kai ke buɗe guruf a WhatsApp a haɗa kuɗin aiki. Shi ya sa maganar maƙoƙo ta shafe ka.

Ranar da likita ya taɓa kumburin wuyan mama ko yayarka ya ce yana zargin kansa (ta fi kama mata, kusan ninki uku), gida kan rabu biyu. Wasu su ruga wurin masu tallan gari a TikTok, wasu su ce a yanke kawai a huta. In aka rubuta sikanin, sai ka ji wani kawu ya ce, "Ai ba ciki gare ta ba, me za a duba?" A nan nake so ka tsaya kai da fata. Na'urar da ake duban ɗan tayi da ita, ita ce dai ke duba wuya. Da sauti take aiki, ba zafi, ba yanka.

Mafi yawan ƙullutun da ke fitowa a tairod, wato halittar nan da ke kwance a gaban maƙogwaro, ba kansa ba ne. Hoton ne ke nuna wanda ya cancanci zargi: ruwa ne a ciki ko tsoka, gefensa a santsi yake ko a tsattsage, akwai ƙananan ɗigo masu haske ko babu. Da shi kuma ake saita siririyar allura a tsotso ƙwayoyin da za a kai ɗakin gwaji, ba lalube ba.

Amma abin da ya fi damuna kaluluwa ne. Irin kansar tairod da aka fi samu tana yawan tsallakawa zuwa kaluluwar gefen wuya tun tana ƙanana, yatsa ba ya jin ta. In ba a gan ta kafin aiki ba, za a ɗinke a bar ta a ciki, wata rana a sake buɗe wuyan da ya riga ya yi tabo. A wurin fa jijiyar murya take, ga wasu 'yan halittu huɗu masu daidaita sinadarin kalsiyam. Aiki na biyu ya fi na farko haɗarin taɓa su. Dalilin ke nan ƙa'idojin ƙungiyar likitocin tairod ta Amurka na 2015 suka ce a duba kaluluwar wuya da sikanin kafin a yi wa mai wannan zargi tiyata. Hoton yana taimaka wa likita ya yanke shawara: rabi za a cire, ko duka, mutum ya zauna kan ƙwaya tsawon rai.

Kar kuma ka kwashi 'yan gidanku masu lafiya zuwa hoto. Koriya ta Kudu ta gwada haka: daga 1993 zuwa 2011 masu kansar da aka gano suka ninka sau 15, aka yi ta yanka, adadin mace-mace kuwa bai canja ba. Sikanin na mai kumburi ne.

To, in an ba ku ranar aiki, ka buɗe takardar hoton. Ta faɗi girman ƙullutun? Ta ambaci kaluluwar dama da hagu? In layi biyu ne kawai aka rubuta "akwai kumburi", ka tambayi likita cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, an duba gefen wuyan kuwa?" Ba rashin kunya ba ne. In an tura ku tsallaken gada zuwa Barau Dikko, ko Shika a Zariya, ku tafi da hotunan kansu da sakamakon allurar, kar ku dogara da wanda kuka ɗauka a waya.