Sarin Kaya a Ƙasar Sin: Inda Ba A Cewa "Albarka"

A wannan fitowa za mu duba wani al'amari da ya shafi gidaje da yawa, daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, har Garwa da Njamena, wato tafiyar ƴan kasuwarmu ƙasar Sin sarin kaya. Mun kawo shi cikin wannan shafi na iyali ne domin jarin da mutum yake ɗauka zuwa can da wuya ya zama nasa shi kaɗai. A ciki akwai adashin uwargida, da gadon marayu, da kuɗin ƙane da aka ba shi ya juya. Idan kwantena ta iso da kayan da ba su ne aka yi ciniki a kansu ba, gida ɗaya ba ya ɗaukar asarar.

Tun daga ƙarshen shekarun 1990 ƴan Afirka ta Yamma suka fara yawaita a birnin Guangzhou, wanda Turawa suke kira Kanton, musamman a unguwar Xiaobei. A birnin ne ake yin babban bajen-koli sau biyu a shekara tun 1957. Wasu kuma sukan zarce Yiwu, kasuwar ƙananan kayayyaki. Harshe matsala ce, amma tafinta da na'urar lissafi sukan rage ta. Abin da ya fi cin mutane shi ne al'ada, domin ita ba a ganinta.

A kasuwarmu, idan mai saye ya taya kaya ƙasa da kima, mai kaya yakan ce "albarka". Kalma ɗaya ce, ba ta ɓata wa kowa rai, kuma kowa ya san ciniki bai faɗa ba. Wannan ne ya sa Bahaushe yake taya kaya ba tare da tsoro ba: ya san akwai inda za a tsayar da shi. To mai masana'anta a Sin sau da yawa ba ya tsayar da kai. Ka matsa masa ya rage, ya rage. Ka ƙara matsawa, ya gyaɗa kai. Sai mai saye ya fito yana murna ya yi ciniki, alhali abin da ya faru shi ne an sauya kayan. Takalmin da aka nuna masa yana nan da kamanninsa, amma an rage kaurin tafinsa, an canja manne, an sa zare mai araha. Masana'anta ɗaya tana iya fitar da kaya iri ɗaya hawa-hawa, kowane farashi da nasa. A ganin mai masana'antar bai yi ha'inci ba, ya ba ka abin da kuɗinka ya saya ne. Ba mu ce babu macuta a can ba, akwai su kamar ko'ina. Amma a ra'ayinmu, kaso mai yawa na abin da muke kira "ɗan Chana" a kasuwanninmu, mu ne muka taya shi har ya zama haka.

Me ya sa ba zai ce a'a ba? Sinawa suna da abin da suke kira mianzi, wato fuska, wanda ya yi kusa da abin da muke kira mutunci. Fitowa fili a ce "ba zan iya ba" zubar da fuska ne, ga mai faɗa da wanda aka faɗa wa. Saboda haka sai ka ji "babu matsala", ko "za mu duba", ko "kusan haka ne". Wani masani Ba'amurke, Edward Hall, a littafin da ya wallafa a 1976, ya raba al'ummomi gida biyu: waɗanda suke zuba dukan ma'ana cikin kalma, kamar Jamusawa, da waɗanda suke barin rabin magana ga yanayi da fahimtar mai sauraro. Sinawa suna cikin na biyu, mu ma haka. Mu ne masu kara da kawaici, mu ne masu cewa "sai na yi shawara" alhali mun riga mun ƙi. Abin mamaki, wannan kamanni ne yake ruɗinmu. Mun iya karanta kawaicin ɗan'uwanmu, amma alamomin nasu daban ne. Su ma idan muka ce za mu biya ranar kaza in Allah ya so, wasunsu sukan ɗauka hanyar zamewa ce muke nema.

Maganin wannan ba sabo ba ne gare mu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Amma har yau akwai wanda yake jin kunyar neman takarda, wai kada a ce bai yarda da mutum ba. A can kuwa takarda ba zargi ba ce. A rubuta nau'in yadi, da nauyi, da launi, da adadi, da ranar gamawa. A ajiye samfur biyu, kowa ya sa hannu ya riƙe ɗaya. A tabbata an buga jan hatimin kamfani, domin a wurinsu hatimin ya fi sa hannu nauyi. Bisa al'ada akan ba da kafin alƙalami kamar kashi 30 cikin 100, a cika sauran kafin a yi lodi, kuma tsakanin biyun nan ne ya kamata a buɗe kwalaye a duba.

Batun tafinta ma ya tuna mana da maigida na zamanin fatauci, wanda fataken goro suke sauka wurinsa a Salaga ta ƙasar Gwanja: ya ba su masauki, ya haɗa su da mai kaya, ya karɓi la'adarsa. Bambancin shi ne wancan kowa ya san la'adarsa, kuma yana da suna da zai kare a zango. Na yanzu yakan karɓa daga ɓangare biyu. Babu laifi a tambaye shi tun farko wa yake biyansa.

Sai zaman cin abinci, wanda a wurinsu a nan ake ƙulla zumuncin da suke kira guanxi. Za a kawo giya, kuma naman alade ya cika girkinsu. Gara mutum ya faɗi tun kafin a zauna cewa shi Musulmi ne. Ba baƙon abu ba ne gare su: ƙasar tana da miliyoyin Musulmi, masallacin Huaisheng na Guangzhou yana cikin mafi daɗewa a ƙasar, kuma akwai gidajen abinci na halal masu alamar qingzhen. A ɗaga kofin shayi idan ana ɗaga kofi, ya wadatar. Katin adireshi da hannu biyu ake miƙa shi. Kada a ba da kyautar agogon bango, domin furucin kalmar ya yi kama da rakiyar gawa. Lamba 4 ma ana gudunta saboda ta yi kama da kalmar mutuwa, 8 kuwa ta arziki ce, shi ya sa aka buɗe wasannin Olamfik na Beijing ranar 8 ga watan 8 na 2008.

Ga mai shirin kayan salla kuma, ya duba kalandarsu tare da tamu. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, ma'aikata su koma garuruwansu, masana'antu su rufe na makonni. Wanda ya ba da oda dab da lokacin zai ji "babu matsala", sannan ya jira.