Tarkon da ke kama ƙwayar cuta, ya kuma ɓata huhu: me sabon maganin 2025 ke nufi gare ku?

Idan kuna da ɗan'uwa da ya gama shan maganin tarin fuka, aka ce ya warke, amma har yau yana tari da kaki mai kauri kowace safiya, wannan bayani naku ne. Sau da yawa tarin fuka kan bar hanyoyin iska a buɗe, sun lalace, kaki na taruwa a ciki. Likitoci na kiran wannan ciwo bironkiyektasis.

Abin da ke ci gaba da ɓata irin wannan huhu ba ƙwayar cuta ba ce kaɗai. Akwai hannun garkuwar jikin mutum. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai nau'in da ya fi yawa, niyutrofil, wanda shi ne ke fara isa wurin da cuta ta shiga. A 2004 masu bincike a cibiyar Max Planck da ke Berlin, a Jamus, sun nuna cewa niyutrofil kan fesar da zaren DNA ɗinsa waje kamar ragar kamun kifi, ɗauke da sinadarai masu narka nama, domin ya kama ƙwayoyin cuta.

Ga cuta ta 'yan kwanaki, wannan tarko kariya ce. A huhun da ya daɗe da ciwo kuwa, tarkon ba ya ƙarewa. Zaren na sa kaki ya yi danƙo, sinadaran na cin bangon hanyar iska, kakin da ya maƙale ya zama gidan sababbin ƙwayoyin cuta, su kuma su jawo ƙarin niyutrofil. A 2021 wani bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Dundee ta Birtaniya ya gano cewa masu yawan wannan tarko a kakinsu sun fi fama da tsananin ciwon da yawan tashinsa.

A watan Agustan 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da brensocatib, magani na farko da aka yi takanas domin wannan ciwo. Ba ya kashe ƙwayar cuta. Yana rage kaifin sinadaran niyutrofil ne tun daga ɓargo. A gwajin da aka yi wa mutum kusan 1,700 na tsawon shekara guda, tashin ciwon ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Ci gaba ne, amma ba waraka ba ne: ba ya gyara abin da ya riga ya lalace, yana iya kawo kaurin fata da matsalar dasashi, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin iyalanmu.

Kada kuma ku ɗauka duk maganin da ya taɓa tarkon zai yi wa kowa amfani. Dornase alfa, mai yanyanka zaren DNA, yana taimakon masu ciwon huhu na gado da ake kira sistik faiburosis, amma da aka gwada shi a sauran masu bironkiyektasis, ciwonsu ƙaruwa ya yi.

To me ke hannunku yanzu? Idan tarin ya dawo, a gwada kaki kafin a sake ɗora mutum kan maganin tarin fuka, kuma ku tambayi likita ko ana buƙatar hoton CT na ƙirji. Ku nemi a koya wa majiyyaci dabarun fitar da kaki, ya riƙa yi kullum, domin kakin da ya fita ya tafi da tarkonsa. A nisanta shi da taba da hayaƙin itace. Azithromycin na dogon lokaci na rage tashin ciwon ga wasu, amma kada a saya a kemis bisa raɗin kai, don yana iya taɓa ji da bugun zuciya.

Idan kakin ya canja launi, ko ya zo da jini, ko numfashi ya yi wuya fiye da kullum, a tafi asibiti a ranar.