A Raɗa Wa Kowane Lungu Na Sito Suna



Da kaka ta yi a Faskari, sito da rumbu sai su cika. Masara, dawa, waken suya, ragowar takin NPK da yuriya, da irin shuka mai magani, duk a ɗaki ɗaya. Wa ake aika ya ɗebo? Mu yara. Sai a ce, "Je ka auno tiya biyu a buhun can na lungu." To wane lungu? Buhunan duk kamarsu ɗaya, ga duhu.

Ra'ayinmu shi ne kowane wuri a sito ya samu suna, a kuma rubuta sunan inda ido zai gani.

Wani zai ce ai maigida ya san inda komai yake. Gaskiya ne. Amma ranar da ya tafi kasuwar Sheme ko Funtuwa fa? Abin da ke kan mutum ɗaya tare da shi yake tafiya, rubutun bango kuwa yana nan.

Kada a ɗauka wasa ne. A 1971 an kai irin alkama mai magani ƙasar Iraƙi domin shuka. An rubuta gargaɗi a jikin buhunan, amma da Turanci da Sifaniyanci, harsunan da manoman ba sa ji. Mutane suka niƙa suka yi burodi. Dubbai suka kwanta asibiti, sama da 400 suka rasu. Ashe rubutu kaɗai bai isa ba, sai da harshen mai ɗiba.

Ga shawararmu. Kowane ɗaki bango huɗu gare shi: Gabas, Yamma, Kudu, Arewa. Mu da muke fuskantar alƙibla kullum ba za mu rikice ba. Sai a ƙara lamba: Gabas 1 masara, Gabas 2 dawa, Kudu 1 wake. Taki da irin shuka su koma Yamma, nesa da abinci, a shafa jan fenti a wurin, a faɗa wa kowa ma'anarsa. Maganin ƙwari kuwa ya bar ɗakin gaba ɗaya. A rubuta da Hausa, boko da ajami. A jikin kowane buhu a sa watan da aka ajiye shi, don a fara cin tsohon.

Muna roƙon malamanmu su ba mu dama mu fara da siton makaranta, inda littattafai da alli da fartanya suke. Kwali da gawayi sun ishe mu. In mun iya a nan, sai kowa ya je gida ya nemi izinin Baba, cikin ladabi, ya yi nasu kafin a shigo da amfanin bana. Rigakafi ya fi magani.