Tara Ba Ta Da Asiri: Raddi Ga Mai Ƙasidar Sirrin Lambobi

Wani malami daga cikin masu sha'awar ilimin hisabi ya fitar da ƙasida, ya jero abubuwan mamaki na lambobi, sannan ya yanke hukunci cewa lambobi suna da asiri da tasiri a kan bayin Allah. A cewarsa, kafin mutum ya sayi layin waya, ko ya sa ranar ɗaurin aure, ko ya raɗa wa ɗansa suna, sai ya auna abin da ma'aunin tara. Na bi lissafinsa da alƙalami ɗaya bayan ɗaya, ban sami kuskure a ciki ba, Allah ya saka masa da alheri a kan wannan ƙoƙari. Inda muka raba gari shi ne ginin da ya ɗora a kan lissafin.

Hujjarsa ta farko ita ce tara. Ya ce ka ninka ta da duk lambar da ka ga dama, ka haɗa alƙaluman amsar, za ka komo kan tara. Tara sau 7 ya ba da 63, shida da uku tara. Tara sau 503 ya ba da 4,527, haɗinsu 18, ɗaya da takwas tara. Saboda haka ya naɗa ta sarauniyar lambobi.

Malam, wannan sarauta ta aro ce, kuma goma ce ta ba ta aron. Mu 'yan Adam goma-goma muke ƙirga. Goma kuwa tara ce da ɗaya, ɗari 99 ce da ɗaya, dubu 999 ce da ɗaya. Idan ka warware 4,527 za ka sami 999 sau huɗu, da 99 sau biyar, da 9 sau biyu, sai ragowar 4 da 5 da 2 da 7. Kason nan uku na farko duk tara tana raba su ba saura. Abin da ya rage a duba shi ne ragowar, wato haɗin alƙaluman. Iyakar sirrin ke nan. Da a ce takwas-takwas muke ƙirga, da bakwai ce za ta hau gadon: bakwai sau biyar 35 ne, wato takwas huɗu da uku, da sai a rubuta shi 43, huɗu da uku kuwa bakwai. Mutanen Babila da suka yi lissafi da sittin-sittin, waɗanda muka gaji mintunan agogo daga wurinsu, 59 ce mai wannan hali a wajensu. Kwamfuta kuma, da take aiki da biyu-biyu, 1001 take rubuta tara, babu wanda ya san da zamanta.

Malaman hisabi na da sun san wannan hali na tara sarai. Mizani suke ce masa, suna gwada amsar ninkawa da shi don kama kuskure. Ko a nan ma yana da makanta: idan akawu ya rubuta 4,257 a maimakon 4,527, mizanin ba zai ce uffan ba, don haɗin alƙaluman bai canja ba. Ma'aunin da ya kasa kama kuskuren akawu, yaya za a ba shi amanar auren mutum?

Ta biyu, ya kawo 6174, ya ce duk lamba mai alƙaluma huɗu gare ta take komawa, alamar tana da ƙarfin jawowa. Gaskiya ne abin yana da ban sha'awa. Wani malamin makaranta ne a Indiya, D. R. Kaprekar, ya bayyana shi a 1949. Ɗauki 1960. Jera alƙaluman daga babba zuwa ƙarami, sannan daga ƙarami zuwa babba, ka ɗebe: 9610 a cire 0169, saura 9441. Maimaita. Za ka sami 7992, sai 7173, sai 6354, sai 3087, sai 8352, sai 6174. Daga nan ba ka motsawa, don 7641 a cire 1467 ya sake ba da 6174. Muddin alƙaluman huɗu ba iri ɗaya ba ne duka, ba a wuce taki bakwai. To amma a gwada da alƙaluma uku, a 495 ake tsayawa. A gwada da biyu, ba a tsayawa sam, sai zagaye tsakanin 09 da 81 da 63 da 27 da 45. Da biyar ma babu lamba ɗaya da kowa ke komawa gare ta. Ƙarfin jawowar da ya ɓace da zarar an ƙara alƙalami ɗaya, halin wasan ne da yadda muke rubutu, lambar ba ta da hannu a ciki.

Hujjar da ya fi tinƙaho da ita ita ce hatimi, kuma a nan ya fake da sunan babban mutum: Muhammadu ɗan Muhammadu Bafulatani Bakatsine, wanda ya rubuta Bahjatul Afaƙ wajen 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ba zan ɓoye ba, Bakatsinen ya rayu a zamanin da ake karanta ilimin haruffa da hatimai da taurari a zaure ɗaya, kuma ya yi rubutu a kansu. Amma abin da ya sa masana tarihin lissafi suke ambatonsa har yau shi ne hanyoyin da ya bayyana na cika gidajen hatimi, musamman mai gidaje uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Waɗannan kowa na iya gwadawa ya ga sun tsaya.

Mu dubi ƙaramin, wanda duk almajirin da ya daɗe a zaure ya taɓa gani. Layin sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. A tsaye, a kwance, a karkace, ko'ina 15. Malam ya ce 15 ɗin nan sirri ce. Haɗa ɗaya zuwa tara, 45 ne. Layi uku za su raba 45 daidai, kowanne ya sami 15, ba shi da wani zaɓi. Biyar ɗin tsakiya ma dole ce ta zaunar da ita. Layuka huɗu ne suke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kuma sau huɗu, wato 45 da ƙarin na tsakiya sau uku. Tsakanin 45 da 60 akwai 15, a raba uku, biyar. Da zarar biyar ta zauna, 2 da 4 da 6 da 8 ba su da wurin zuwa sai kusurwoyi, kuma su ne haruffan ba, dal, wawu da ha, da ake karantawa buduhu. Sunan da ake rufe murya kafin a faɗe shi, ga inda ya fito.

Mutanen Sin sun san wannan hatimi ɗaruruwan shekaru kafin ya iso Katsina, suna kiransa Lo Shu, suna da tasu tatsuniya a kansa wadda ba ta yi kama da tamu ba. Sannan ga tambaya. Hatimi mai gidaje huɗu-huɗu, wanda kowane layinsa ke ba da 34, iri 880 ne. Mai biyar-biyar, mai ba da 65, an ƙirga shi da kwamfuta a 1973, an sami 275,305,224. Idan daidaituwar layuka ce ke ɗauke da asirin, wanne daga cikin miliyan 275 ɗin nan ne na buɗin kasuwa, kuma wa ya gwada sauran har ya fitar da su?

Batun suna ba zai ɗauke mu lokaci ba. Malam ya ce a fitar da adadin suna da hisabin abajada, a rage shi zuwa alƙalami ɗaya, a ga rabon mai sunan. Sai dai abajada iri biyu ce. A ta Gabas, sinun 60 ne, shinun 300. A ta Magariba, wadda malamanmu na ƙasar Hausa suka yi ramzin shekaru da ita, sinun 300 ne, shinun 1000. Yusufu a lissafin Gabas 156 ne, ya koma uku. A na Magariba 396 ne, ya koma tara. Yaro ɗaya, suna ɗaya, ragon suna ɗaya. Shin idan ya hau jirgi daga Kano zuwa Jidda rabonsa zai canja a sama?

Hujjarsa ta ƙarshe ta fi sauran nauyi, don haka zan ba ta haƙƙinta. Lambobin da suke raba 220 ba saura, ban da ita kanta, su ne 1, 2, 4, 5, 10, 11, 20, 22, 44, 55 da 110, jimlarsu 284. Masu raba 284 kuma, ban da ita kanta, 1, 2, 4, 71 da 142, jimlarsu 220. Wannan ba aron goma ba ne. Ko da tsakuwa ka ƙirga, ko da wane rubutu ka rubuta, haka za ka samu. Larabawa suka kira su lambobi masoyan juna, Malam kuma ya kafa hujja da cewa Ibn Khaldun ya ambaci masu amfani da su wajen haɗa soyayya. Ya ambata, amma a babin sihiri da ɗalasimai na littafinsa Muƙaddima, inda ya bayyana cewa shari'a ta hana wannan aiki. Ɗauko rabin magana a bar rabi ba halin malanta ba ne.

Wanda ya yi wa waɗannan lambobi hidima ta gaskiya shi ne Sabitu ɗan Ƙurra a Bagadaza, wanda ya rasu a 901. Ya fitar da ƙa'idar samo irinsu, ya kafa mata hujja. Da irin wannan ƙa'ida aka samo 17,296 da 18,416. Masanin lissafi Euler ya zo a ƙarni na 18 ya ƙara gommai, amma duk da ƙwarewarsa ya tsallake 1,184 da 1,210, sai wani yaro ɗan Italiya mai shekara goma sha shida ya tsinto su a ƙarni na 19. Yau an san fiye da biliyan ɗaya na irin waɗannan tagwaye. Duk wannan ilimi ne tabbatacce game da rabawa da haɗawa. Daga nan zuwa zuciyar mace da namiji akwai kogi, kuma Malam bai nuna mana gadar da ya bi ya haye ba.

Na san amsar da za a ba ni: mujarrabi ne, an gwada an gani. To a saurari yadda gwaji yake yaudarar manya. Masanin lissafi Fermat na Faransa ya ga 3, 5, 17, 257 da 65,537, waɗanda suka fito daga ƙa'ida ɗaya, duk babu mai raba su sai ɗaya da kansu, ya zaci haka za a yi ta tafiya. A 1732 Euler ya nuna ta gaba, 4,294,967,297, tana rabuwa da 641. Ga wata kuma: ɗauki lamba, ninka ta da kanta, ƙara ta a kai, ƙara 41. Daga sifili har 39 amsar ba ta rabuwa da komai sai ɗaya da kanta. A 40 sai ta ba da 1,681, wato 41 sau 41. Sau arba'in abu ya yi daidai, ya zo ya karye, a fagen da babu son zuciya, babu mantuwa. Ina ga fagen da ake tuna auren da ya zauna, a manta da wanda ya mutu, alhali ranar ɗaya aka zaɓa musu?

Ina roƙon Malam abu ɗaya. Ya kawo hujja, ta lissafi ko ta nassi, da take haɗa halin lamba da rabon mutum, zan karɓa hannu bibbiyu. Kafin nan, mai karatu, kada ka jefar da layin wayarka don alƙalumansa ba su koma tara ba, kuma ka raɗa wa ɗanka sunan da ka yi niyya.